Karatun Share Fage da Shiga Jami'a Kai-Tsaye: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Biya Kuɗi



Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke biye da mu a ƙauyukan da muke zagawa, daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Uba ko uwa za su ja mu gefe bayan an tashi taro su ce: "Yaron nan ya gama sakandare, bai samu jami'a ba. An ce akwai wani karatu na shekara ɗaya da zai kai shi aji biyu ba tare da JAMB ba. Gaskiya ne? Mu biya?"

Amsar ita ce, e, akwai wannan hanyar, kuma gwamnati ta san da ita. Mutane da yawa sun bi ta sun yi digiri. Amma akwai abin da masu tallar ba sa faɗa: karatun yana ba yaro damar neman gurbi ne kawai. Ba ya ajiye masa kujera a kowace jami'a.

Mun san wani gida da suka sayar da riɗinsu na shekara guda da ɗan bijimin da suke kiwo, suka kai ɗansu wata cibiya mai zaman kanta a birni. An yi musu alkawarin cewa zai shiga karatun likita a aji biyu. Yaron ya yi wata tara yana karatu, ya rubuta jarrabawa, aka ba shi takarda. Da ya kai takardar jami'ar da yake so, aka ce ba a san wannan cibiyar ba. Kuɗi sun tafi, shekara ta tafi, bijimi ya tafi. Ba wanda ya tambayi jami'ar tun farko ko za ta karɓi takardar. Saboda irin wannan ne muka ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙofofi biyu na shiga jami'a

A Nijeriya duk wanda zai shiga jami'a don yin digiri na farko sai ya bi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Hukumar tana da ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar da kowa ya sani, wadda ake kira UTME. Ana rubuta ta a kwamfuta, darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, kuma maki 400 ne gaba ɗaya. Wanda ya samu gurbi ta wannan ƙofa yana farawa daga aji ɗaya. Sakamakon jarrabawar na shekara ɗaya ne tak. Idan bana ba a samu ba, baɗi sai an sake sayen fom, a sake rubutawa.

Ƙofa ta biyu ita ce shiga kai-tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Wannan ta waɗanda suka yi wani karatu ne bayan sakandare. Ba sa rubuta UTME, amma dole su sayi fom ɗin DE na JAMB, su zaɓi jami'a da kwas, su kuma jira a tantance su. Wanda aka ɗauka yakan fara daga aji biyu. To, ku lura da kyau: idan wani ya ce muku "babu ruwan yaro da JAMB", ya faɗi rabin magana ne. Jarrabawar ce aka ɗauke masa, hukumar tana nan daram.

Ko ta wace ƙofa aka bi, akwai sharaɗi ɗaya da ba a ɗaga wa kowa: kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, har da Turanci, da Lissafi ga kwasa-kwasan da ke bukatarsa, a cikin darussan da suka dace da kwas ɗin, kuma a zama ɗaya ko biyu. Manyan kwasa-kwasai irin na likita sau da yawa zama ɗaya suke so. Yaron da ba shi da kiredit a Turanci, ko a Lissafi idan kwas ɗinsa yana bukatarsa, abu na farko da za a yi masa shi ne ya gyara wannan takardar. In ba haka ba, duk abin da aka ɗora a kai, gini ne ba tushe.

Mene ne IJMB?

IJMB shi ne karatun shekara ɗaya da aka fi sani a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ke kula da manhajarsa da jarrabawarsa tun 1976. Dattawanmu da suka yi boko a da za su tuna da ajin HSC, wato shekara biyu da ake ƙarawa bayan sakandare kafin a tafi jami'a. Makarantu kaɗan ne a Arewa suke da wannan ajin, shi ya sa aka buɗe makarantun share fage domin 'ya'yan Arewa su samu hanyar shiga jami'a. Daga baya, a shekarun 1980, tsarin karatu ya sauya, ajin HSC ya ɓace daga makarantun gwamnati, amma IJMB ya ci gaba har yau.

Ga yadda yake. Ɗalibi yana zaɓar darussa uku da suka dace da kwas ɗin da yake so. Mai son likita ko haɗa magunguna zai ɗauki Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya zai ɗauki Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Ana yin karatun kamar wata tara zuwa shekara guda, sannan a rubuta jarrabawa. Karatun ya fi na sakandare zurfi nesa ba kusa ba, domin yana tsayawa ne a madadin aji ɗaya na jami'a.

Ana auna sakamakon da maki kamar haka: A maki 5, B maki 4, C maki 3, D maki 2, E maki 1, F babu komai. Wanda ya ci duka darussa ukun ana ƙara masa maki 1. Ke nan mafi yawan abin da mutum zai samu shi ne 16. A ce yarinya ta samu B a darasi ɗaya, C a biyu. Lissafinta zai zama 4 da 3 da 3, wato 10, a ƙara 1, ya zama 11. Wannan makin zai iya isar ta a wani kwas, amma ya kasa a wani. Kowace jami'a ita ke yanke makin da take so ga kowane kwas, kuma tana iya sauya shi daga shekara zuwa shekara.

Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, Jihar Katsina. A jiharmu akwai kwalejin share fage ta gwamnatin jiha a Babura. A Kano ma akwai tsohuwar kwalejin da aka fi sani da CAS. Ban da waɗannan akwai cibiyoyi masu zaman kansu barkatai, wasu na gaskiya, wasu na bogi. A nan ne ake bukatar buɗe ido.

Akwai kuma ɗan'uwan IJMB da ake kira JUPEB, wanda ya fara aiki a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas tare da wasu jami'o'i. Shi ma darussa uku ne, shekara guda, kuma yana kai mutum aji biyu ta ƙofar DE. Ya fi ƙarfi a jami'o'in Kudu. Wata jami'a tana karɓar IJMB, wata JUPEB, wata duka biyun. Saboda haka ba a zaɓar karatun kafin a zaɓi jami'ar.

Kada a haɗa shi da rimediyal

Mutane da yawa suna kiran duka waɗannan da suna ɗaya, "share fage". Amma akwai bambanci babba. Karatun da ake kira rimediyal, wanda wasu jami'o'i ke shirya wa kansu, yana gyara wa yaro karatun sakandare ne, ya ƙarfafa shi. Idan ya ci, aji ɗaya zai shiga, kuma yawanci a jami'ar da ta shirya karatun kaɗai. Har ila yau yakan rubuta UTME a wannan shekarar. Takardar rimediyal ta wata jami'a ba ta aiki a wata.

Mu yi lissafin shekaru, a kan kwas mai shekara huɗu. Wanda ya bi IJMB ya samu gurbi nan take: shekara 1 da shekara 3, jimla 4. Bai yi asarar komai ba. Wanda ya bi rimediyal: shekara 1 da shekara 4, jimla 5. Wanda ya zauna a gida yana sake JAMB: kowace shekarar jira ƙari ce a kan huɗun, kuma ba shi da wata takarda da zai nuna.

Hanyar NCE, difloma da aikin jinya

Akwai wata hanyar da ta fi tsawo, amma ga yawancin gidajenmu ta fi kwanciyar hankali. Ita ce yaro ya fara samun takardar da zai iya neman aiki da ita, sannan ya wuce jami'a ta ƙofar DE.

NCE shekara uku ce a kwalejin horar da malamai, kamar wadda ke Gumel. Ita ce mafi ƙarancin takardar da doka ta amince mutum ya koyar da ita. Wanda ya gama da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu a sashen ilimi na jami'a, a darussan da ya karanta.

Diflomar ƙasa, wato ND, shekara biyu ce a foliteknik. Muna da ta jiha a nan Dutse, da ta Binyaminu Usman a Haɗeja, da ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Sakamakon difloma hawa huɗu ne, kuma manyan jami'o'i sukan nemi hawa na ɗaya ko na biyu, wato abin da ake kira Distinction ko Upper Credit. Wanda ya fita da hawa na ƙarshe da wuya ya samu DE. Kwas ɗin diflomar kuma sai ya yi daidai da na digirin. Ba a yin diflomar aikin ofis a nemi digirin injiniya.

Ga masu son aikin asibiti akwai kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma a Birnin Kudu, da makarantar koyon aikin lafiya a Jahun. Wanda ya zama ma'aikacin jinya mai rajista yana iya neman digirin jinya daga baya ta ƙofar DE.

Mu da muke rubuta wannan, ta hanyar difloma muka bi, kuma mun ga amfaninta. Idan IJMB bai kai yaro jami'a ba, takardarsa ba ta ɗaukar mutum aiki. Amma NCE ko difloma ko takardar jinya, ko da jami'a ta yi jinkiri, mutum yana da abin riƙewa a hannu. Gidan da ƙarfinsa bai wuce gwaji ɗaya ba, ya yi tunani a kan wannan sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Me ya sa wasu jami'o'i da wasu kwasa-kwasai ke da wuyar shiga?

Jami'o'i ba ɗaya suke ba wajen yawan masu nema. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, tsofaffi ne masu suna, kuma daga ko'ina a ƙasar nan ake neman su. Masu nema sun ninka kujerun da ake da su. A cikin kowace jami'a kuma, likita, haɗa magunguna, jinya da lauya su ne suka fi cunkoso.

Dalilin shi ne, jami'a ba ta da ikon ɗaukar yawan da ta ga dama. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana ƙayyade mata adadi. Hukumar kula da likitoci tana ƙayyade yawan ɗaliban likita bisa ga malamai da gadajen asibitin koyarwa. Haka majalisar kula da karatun lauya take yi wa masu karatun shari'a. Idan aji ɗaya ya cika da waɗanda suka shiga ta UTME, su ne za su haura aji biyu. Kujerun da suka rage wa masu DE kaɗan ne. Saboda haka mai maki 13 ko 14 a IJMB yana iya rasa likita, a ba shi wani kwas na kimiyya. Ba lallai ne an zalunce shi ba. Kujerun ne suka ƙare.

Akwai kuma abin da ke taimakon 'ya'yanmu, wanda iyaye da yawa ba su sani ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a karatun boko ne, kuma Jigawa tana cikinsu. Ke nan ɗan asalin Jigawa yana da ƙofa fiye da ɗaya, musamman a jami'o'in da ke kusa da mu. Amma sai yana da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, kuma sai ya rubuta jiharsa da ƙaramar hukumarsa daidai a fom ɗin JAMB.

Kada kuma mu raina abin da ke ƙofar gidanmu. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ba mu da jami'a ko ɗaya. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. A 2013 gwamnatin jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. Digirin da hukumar NUC ta amince da shi a Dutse, a gaban doka daidai yake da na Zariya. Yaron da ke karatu a Dutse yana iya zuwa gida ya ɗebi gero da wake, kuɗin mota kaɗan ne, idan ya yi rashin lafiya ana ji nan da nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a karatun shekara huɗu.

Batun sauya jami'a bayan an shiga

Wasu sukan ce, "Bari ya shiga duk inda aka samu, daga baya a mayar da shi babbar jami'a." Ana yin haka, amma ba da sauƙi ba. Jami'ar da za a koma ita ce mai cewa e ko a'a. Za ta nemi cikakken sakamakon ɗalibin daga jami'arsa ta farko, da shaidar cewa ba korar sa aka yi ba. Za ta duba ko makinsa ya kai abin da take so, ko darussan da ya yi sun yi daidai da nata, ko kuma akwai kujera a ajin. Sau da yawa akan mayar da ɗalibi baya da aji ɗaya. Bayan haka sai an gyara bayanansa a wurin JAMB. A kwasa-kwasan da ke da cunkoso, samun sauyi abu ne mai wuyar gaske.

Haka batun sauya kwas a cikin jami'a ɗaya. Wanda aka ba Bayoloji yana fatan komawa likita bayan aji ɗaya, ya sani cewa 'yan ajinsa da yawa suna da wannan fatan. Shawararmu ita ce, kada yaro ya karɓi kwas ɗin da ba zai iya zama a cikinsa har ƙarshe ba. Idan sauyi ya samu, madalla. Idan bai samu ba, ya zama yana karanta abin da zai amfane shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na shekara biyu da ɗalibai ke farawa a cikinsu saboda sauƙin kuɗi, sannan su nemi wucewa jami'a. Akwai kuma makarantun sakandare da ke bari yaro ya fara darussan kwaleji tun bai gama ba. A Jihar Kalifoniya tun 1960 aka tsara yadda ɗalibi zai tashi daga ƙaramar kwaleji zuwa jami'ar jiha. Duk da haka, a can ma manyan jami'o'i masu tsananin zaɓe ba sa ƙirga duk darasin da ɗalibi ya kawo, kuma kaɗan suke ɗauka ta hanyar sauyi. Dokar ɗaya ce a ko'ina: mai karɓa shi ke da magana ta ƙarshe.

Gaggawa da shekarun yaro

Wasu iyaye suna alfahari cewa ɗansu ya tsallake aji, ya rubuta WAEC yana da shekara 14. Ku sani cewa mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. A 2024 an yi ta muhawara a kan a mayar da shi 18, daga baya gwamnati ta tsaya a kan 16. Wanda bai kai ba, sai in ya nuna hazaƙa ta musamman kuma an tantance shi. Kada a rage ko a ƙara wa yaro shekaru a takarda don a kauce wa wannan, domin ƙaryar za ta bi shi har ranar neman aiki.

A ɗaya gefen kuma, wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Wanda zai bi hanya mai tsawo ya sa wannan a lissafi. A kuma tuna cewa yajin aiki yana ƙara shekaru. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas ba sa koyarwa.

Takardu: ƙaramin kuskure, babbar wahala

Abin da ya fi tare 'ya'yanmu a ƙofa, bayan maki, shi ne saɓanin suna. A takardar haihuwa an rubuta Bulus, a WAEC an rubuta Paul. A gida Maryamu, a makaranta Mary. Wani ya sa sunan uba a wata takarda, sunan kaka a wata. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, kuma abin da ke kan wannan lambar shi ne zai hau fom. Don haka tun yaro yana aji huɗu na sakandare a zauna a zaɓi suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, a bi su a kowace takarda. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ma a adana ta, kada a bari layin ya mutu.

Tun 2017 JAMB ta kawo tsarin da ake kira CAPS. Duk gurbin da jami'a ta bayar sai ya fito a shafin ɗalibi na intanet, shi kuma ya danna ya karɓa. Gurbin da bai fito a nan ba, ko da an ba yaro wasiƙa mai hatimi, ba gurbi ba ne a wurin hukuma, kuma zai iya hana shi bautar ƙasa bayan ya gama. Daga 2023 kuma JAMB ta tsananta binciken takardun masu neman DE, saboda an kama takardun jabu da yawa. Yanzu ana tuntuɓar inda aka bayar da takardar kafin a amince da ita. Duk wanda ya ce zai "gyara" wa yaro maki a IJMB a biya shi, yana sayar muku da kora ce daga jami'a, ko da yaron ya kai aji huɗu.

Lissafin kuɗi

Kafin a ce e, a zauna da biro da takarda, uba da uwa da yaron. A rubuta kuɗin fom, kuɗin makaranta, kuɗin jarrabawar ƙarshe, ɗakin kwana, abinci na wata tara, littattafai, kuɗin mota zuwa da dawowa. Sannan a rubuta na shekara mai zuwa: fom ɗin DE, kuɗin tantancewa, da kuɗin rajistar jami'a idan an samu. Gidaje da yawa suna ƙarar da ƙarfinsu a shekarar share fage, sai gurbi ya fito babu abin biya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 2024 gwamnatin tarayya ta fara bayar da bashin karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ana neman lambar JAMB da shaidar gurbi kafin a bayar, kuma ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, a ɗauke shi da sanin za a biya. Jiharmu kuma tana da hukumar bayar da tallafin karatu ga 'yan asalin jiha. Wanda ya samu gurbi ya je ya cika fom, haƙƙinsa ne kamar na kowa.

Tambayoyi bakwai kafin a biya ko kwabo

1. Wace jami'a da wane kwas yaron yake so? A rubuta zaɓi na farko da na biyu.

2. Wannan jami'ar tana karɓar wannan takardar a wannan kwas ɗin? A tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kansa, ko a duba littafin jagora na JAMB na wannan shekarar.

3. Maki nawa ake nema, kuma da maki nawa aka ɗauki mutane bara?

4. Darussa ukun da yaron zai ɗauka su ne waɗanda kwas ɗin ke bukata?

5. Cibiyar tana cikin jerin waɗanda hukumar jarrabawar ta amince da su? A ga sunanta a jerin da ido. Allon da ke bakin ƙofa ba shaida ba ne.

6. Akwai ɗakin gwaje-gwaje ga masu kimiyya? Akwai wurin kwana mai tsaro, musamman ga 'yan mata? Babba ya je ya gani.

7. Idan gurbi bai samu ba, me ya rage a hannun yaron?

Duk kuɗin da za a biya, a biya a banki cikin asusun makaranta, a karɓi rasit. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum. Wanda ya ce "gurbi tabbas ne", ku gode masa ku tashi, domin ko shugaban jami'a ba ya yin wannan alkawarin a fili.

Abin da za mu iya yi tare

Ba kowane gida ne ke da wanda ya san waɗannan hanyoyin ba, amma kusan kowane ƙauye yana da malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗalibin da ke jami'a. Muna roƙon dattawa da shugabannin mata da na matasa su sa rana ɗaya bayan girbi, kafin a fara sayar da fom, a tara duk waɗanda suka gama sakandare da iyayensu. Kowa ya zo da takardunsa. A duba kiredit, a duba suna, a duba ranar haihuwa. A haɗa tambayoyin da suka gagara, a tura mutum biyu ofishin JAMB na Dutse da ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a su jiyo amsa. Kuɗin motar mutum biyu ya fi sauƙi a kan asarar bijimi.

'Yan mata kuma kada a bar su a baya a wannan zaman. Yarinyar da ta ci kiredit biyar ta cancanci a yi mata lissafi iri ɗaya da na ɗan'uwanta.

Ku kuma matasa, rashin samun gurbi a shekarar farko ba ƙarshen karatu ba ne. Ku zaɓi inda za ku sauka, ku tambayi sharuɗɗan wurin, sannan ku zaɓi hanyar da ta dace da makinku da ƙarfin gidanku. Idan mun zo zagaye a ƙauyenku, ku kawo mana takardunku mu duba tare.

Allah ya ba 'ya'yanmu basira, ya sa albarka a wahalar iyaye.